Hoton da Na Ware Gefe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Ummina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya. Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba, Ya kare ki daga sanyinsu da kaɗaicinsu.

Na ba Goggonki wasiƙar nan tare da wani faffaɗan ambulan, na ce ta shimfiɗa su a ƙasan jakarki, ƙarƙashin atamfofi, kada ta gaya miki sai kin shiga mota. Saboda haka lokacin da za ki karanta, kin yi nisa da Fagge. Da gangan na yi hakan. Ke 'yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanki, ban taɓa iya kallon idonki na yi doguwar magana ba. A takarda kuwa ba mai ganin fuskata. Kada ki buɗe ambulan ɗin sai kin kai ƙarshen wannan.

Na san da nauyi a zuciya kika bar gida. Ranar da kika same ni a rumfa a kasuwar Sabon Gari da takardar ɗaukarki a wata jami'a a ƙasar waje, kina ta yi mini bayanin yadda za ku koya wa kwamfuta duba hoton ƙirji, ta gano tarin fuka tun bai cinye huhu ba, ko ɗago kai ban yi ba daga rediyon da nake gyarawa. Cewa na yi, "Za su tatse ki su yar, kamar yadda suka yi wa waɗanda suka fi ki." Alhaji Rasaki, wanda nake raɓe a gefen shagonsa, ya ce, "Haba Malam Sabo, yarinya ta kawo abin arziki, ko Allah Ya sanya alheri ba za ka ce ba?" Na ce masa ya ji da firjinsa da fankokinsa. Bayan kwana biyu kika roƙe ni tsofaffin hotunan da ke cikin kwalin nan na kan sif, kika ce za su yi miki amfani a bincikenki, na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki ba ko kina ƙarama. Har kika gama shiri ban sa miki albarka ba. Ba laifinki ba ne ko kaɗan. Dalilin ne nake so in gaya miki, kuma sai na faro daga nesa.

Kin taso kin gan ni ina gyaran rediyo da talabijin, kin kuma ji ana cewa na yi jami'a. Gaskiya ne. Kimiyyar fiziks na karanta, kuma ban taɓa zuwa na uku ba a ajinmu. Taurari nake so in nazarta. Wani malaminmu ya taɓa nuna mana hoton sararin sama a jikin gilashi, ɗigo-ɗigo ba iyaka, ya ce gwanintar duka ita ce ka bambance ɗigon da yake tauraro da wanda yake datti ne kawai a jikin gilashin. Ranar na yanke wa kaina abin da zan zama. Sai dai zamanin soja ne. Yau an rufe makaranta, gobe yajin aiki, jibi an ce takardunka sun ɓace a ofis. Gurbin ƙaro karatun da nake jira bai zo ba. Na koyi aikin ɗaukar hoton ƙirji, na kama aiki a wani asibiti, na ce na ɗan lokaci ne kafin a kira ni.

Kuskurena na farko ke nan. Shekara da shekaru ina cikin ɗakin hoton nan, amma ban taɓa ɗaukarsa wurin aikina ba. Na mai da shi tashar jiran mota. Ina ganin na fi ƙarfin aikin, na fi ƙarfin abokan aikin, mutanen da ke layi kuma kamar sun zo katse mini tunani ne. Akwai wata ma'aikaciya da muke tare, Madam Ngozi, 'yar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar a unguwar Kwaciri aka yanke mata cibiya. Ita ce mai shirya mata kafin a ɗauke su hoto. In ta ga na yi zugum sai ta buga tebur ta ce, "Malam Taurari, sauko ƙasa, ga mutane nan suna tari." Kowa ya yi dariya, ni kuwa in ɗaure fuska.

Ummi, duk aikin da ke hannunki yau, shi ne aikinki. Za a ba ki abin da kike ganin bai kai matsayinki ba, a ce ki jera hotuna, ki gyara sunayen fayil, ki maimaita gwajin da wani ya yi. Ki yi shi da zuciya ɗaya. Ni ina jiran babban aiki, ashe babban aikin yana tsaye a gabana kullum, ƙirji a manne da na'ura.

Da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa, sai ƙofofin da aka rufe mana suka buɗe. Turawa da ƙungiyoyi suka dawo da motocinsu da takardunsu. Wata tawaga ta zo asibitinmu tana tattara hotunan ƙirji don wani aikin bincike, shugabansu wani farfesa ne mai fara'a, mai yawan yabo. Ya ji ina magana a kan hasken na'urar, ya ce, mutum irinka bai kamata ya ƙare a nan ba. Wannan kalma ɗaya ta isa. Na riƙa riga kowa zuwa, ina ɗaukar masa jaka, ina ganin kaina a jirgi kamar yadda kike yanzu.

Dokarsu ita ce, hoto mai tsabta kaɗai za a kai wa likitocinsu su duba. Wanda aka motsa a ciki, ko inuwar sarƙa ko fil ko kitso ta faɗa kan huhu, a ware shi gefe, a sake kiran mai shi a ɗauki wani. Dokar ba ta da aibu. Ni ne na cika rabinta na bar rabi. Ina warewa, amma ba na kira. Sake kira yana cin lokaci, ni kuwa so nake kullum tulin hotuna masu kyau ya fi na jiya, farfesa ya gani ya gyaɗa kai. Na samo kwali na ajiye ƙarƙashin tebur, duk wanda ya lalace in jefa, in ce sai an sami sarari.

Sai daga baya na lura da waɗanda ke cikin kwalin. Yawancinsu mata ne. In Madam Ngozi na nan, za ta ja mace bayan labule ta ce, "Hajiya, cire sarƙa, cire fil, ɗaga kitson nan sama, ba mai sace miki komai. Sarƙar ma ai ba gwal ba ce, na san inda ake sayar da ita." Su yi dariya, hoto ya fito tas. Ranar da ba ta nan kuwa, ni ba zan iya buɗe baki in ce wa matar aure, wataƙila matar maƙwabcina, wataƙila sa'ar uwata, ta cire abin da ke ƙirjinta ba. Sai in kau da kai, in ce ta tsaya, in danna. Ragowar 'yan kwalin tsofaffi ne da masu jin jiki, waɗanda in ka ce su ja numfashi su riƙe, tari ba zai bar su ba. Kin gani? Wanda ya fi ciwo, shi hotonsa ya fi lalacewa. Wanda ya fi buƙatar a duba shi, shi na jefa a kwali.

Ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu. Duk inda aka miƙo miki tarin hotuna aka ce ki koya wa na'urarki da su, kafin ki yaba kyawunsu, ki tambaya ina waɗanda aka ware, wa ya ware su, kuma su waye a ciki. A kowane asibiti akwai kwali a ƙarƙashin wani tebur, akwai kuma wani irina da ke sauri. Kwamfuta abin da aka nuna mata kawai ta sani. In ƙirjin masu lafiyar riƙe numfashi kaɗai ta gani, ranar da aka kawo ta Rijiyar Lemo, tsohuwa ta tsaya gabanta da carbi a wuya, me za ta ce? Za ki zauna da masu tsara wa ƙasashe irin tamu yadda za mu ci gaba, mutanen da ba su taɓa jiran layi a asibitinmu ba. Kada ki raina su, da yawansu da kyakkyawar niyya suke. Kada kuma ki zauna kamar ado a tebur, a nuna ki a ce ga 'yar Afirka muna da ita. Ki gaya musu zancen sarƙa da fil da kunya. Ba ya cikin littattafansu, ke kaɗai kika san shi a ɗakin.

Yanzu na zo kan maganar mahaifiyarki.

Kina da shekara huɗu mahaifiyarki ta fara wani ɗan tari. Ba mai tsanani ba, irin wanda ake cewa sauyin yanayi ne. Ta sha zuma da citta, ta sha maganin kemis, bai tafi ba. Wata safiya ta ce, "Malam, kai da kake ɗaukar ƙirjin mutanen gari, ba za ka ɗauki na gida ba?" Na ce ta zo. Ta zo ranar Talata, goye da ke duk da kin yi girma, ta zauna a benci cikin layi kamar kowa. Madam Ngozi ta tafi garinsu jana'izar mahaifinta a wannan makon.

Da layi ya zo kanta, akwai abokan aiki biyu a ɗakin, farfesa kuma yana bakin ƙofa yana duba takardu. Kin san yadda muke. Namiji ba ya tsayawa yana tattalin matarsa a gaban mutane, ba ya kiran sunanta, ba ya gyara mata tsayuwa. Ni kuma na ƙara da nawa, ba na so baƙon nan ya ga na kawo iyalina cikin aikinsa. Na yi kamar ban san ta ba. Na ce, "Tsaya nan. Ja numfashi." Ban jira ta riƙe ba na danna. Ta juyo tana kallona da ɗan murmushi, tana jiran in ce wani abu, na ce, "Na gaba."

Da na wanke fim ɗin, na ga ya ɗan yi dishi-dishi, ga kuma inuwar mukulli fara ƙal a sama. Mukullin akwatinta ne, wanda take ratayawa a wuya da zare, ta cikin riga. Na san da shi, kullum ina ganinsa, amma ban ce ta cire ba. Ban kafa hoton a allon fitila ba. Kallo ɗaya na yi masa a hannu, na jefa a kwali, na ce zan sake kawo ta in Madam Ngozi ta dawo.

Da na koma gida tana zuba mini tuwo ta ce, "To, likita, me hoton ya ce?" Na ce, "Ba komai." Ta ce, "Alhamdu lillahi, dama na faɗa maka mura ce." Ta ci gaba da hidimarta. Kalmar nan tawa ta zama mata hujja. In Goggonki ta ce ta je asibiti, sai ta ce, "Yaya, ai Malam ya duba ni da kansa, ya ce ba komai." Ta yarda da ni fiye da yadda ta yarda da jikinta. Ni kuwa watanni suna ta wucewa ina bin farfesa. Ta rame, na ce aikin gida ne. Sai da ta fara kakin jini sannan na farka, lokacin kuma ciwon ya ci ƙarfinta. An yi magani, an yi iya yi, Allah Ya karɓi abarsa.

Tawagar ta tattara ta tafi kafin ma a yi sadakar arba'in. Ban sake jin farfesa ba, rahotonsu kuma bai taɓa zuwa hannuna ba. Ranar da na ajiye aiki, Madam Ngozi ta miƙo mini kwalin ta ce in tafi da shi. A gida na zazzage shi a tsakar gida da rana tsaka, na nemo na mahaifiyarki, na ɗaga shi sama. Abin yana nan, Ummi. A gefen mukullin, ƙasa da ƙashin wuya, wani ɗan gajimare da bai kai faɗin babban yatsa ba. Ba likita nake ba, amma na ga irinsa sau ba adadi. Ni da aka koya mini bambance tauraro da datti, da na tsaya minti ɗaya na kafa shi a fitila, da na gani.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yi imani. Amma wannan bai wanke ni daga "ba komai" ɗin da na faɗa ba tare da na duba ba. Tun kina ƙarama nake gaya miki ciwon farat ɗaya ya zo mata. Ba haka ba ne. Ƙarya na yi miki, na kuma maimaita ta har na kusa yarda.

Kada ki taɓa ce wa mutum ba komai sai kin duba. In ba ki duba ba, ki ce ban duba ba. In na'urarku ba ta iya karanta hoto ba, ku koya mata ta ce ban iya ba, a sake ɗauka, kada ta yi shiru a ɗauka lafiya ce. Kunya kuma ado ce, ni na tarbiyyantar da ke a kanta, ba na kuma nadama. Amma in ran mutum yana gabanki, ki ajiye ta tukuna, kya ɗauka daga baya.

Saura kuskure ɗaya. Fiye da shekara ashirin ina zaune a rumfa ina zagin gwamnati. Na zagi soja da suka hana ni karatu, na zagi farar hula da suka yi mana alkawari suka cinye, na zagi Turawa da suka kwashi hotunanmu suka tafi. Har yau ban janye ko ɗaya ba, sun cancanta. Amma na gane ina ɗaga murya a kansu ne don kada in ji tawa muryar. Ba gwamna ne ya jefa hoton nan a kwali ba. Mafi muni, ranar ta'aziyya Madam Ngozi ta zo tana kuka tana cewa, da tana nan ranar da aka ɗauki hoton, da an gano ciwon da wuri. Na bar ta ta ɗauki kayan da ba nata ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sun taso daga coci, na same ta a ɗan shagonta na kayan masarufi. Ta tsufa, ƙafa ta hana ta sakat. Na gaya mata duk abin da na rubuta miki a nan. Ta kalle ni ta ce, "Malam Taurari, kana tsammani ban sani ba? Kafin in ba ka kwalin sai da na duba kowane ɗaya. Na gane mukullin Hadiza." Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Kai ma ai ka sani, me zan ƙara maka? Ni dai yarinyar nake tausayi. Ta zo ta yi mini sallama jiya, ta ce babanta ba ya son tafiyarta. Je ka gaya mata gaskiya, tsohon banza, kafin jirgi ya tashi." Ban iya ba kafin jirgi ya tashi. Ga shi na yi bayan ya sauka.

In kin yi kuskure a aikinki, kuma za ki yi, ki faɗa da bakinki tun yana ƙarami, kada ki bari wani ya ɗauka miki. Kuma kada ki gaji ɗacin raina. Ba gado ba ne, ciwo ne. Abin da na ce za su tatse ki su yar, tsoro ne ya sa ni. Da kika ce hoton ƙirji, kika kuma ce kwalin, sai na ga kin nufo daidai inda na binne abin da nake ɓoyewa.

Ki kula da sallarki ko da lokutansu sun rikice miki. Ki ci abinci mai zafi, kada ki rayu a kan burodi da shayi. In an rubuta sakamakon aiki, ki tsaya a sa sunanki, ki kuma tuna da waɗanda suka ɗauki hotunan, su ma mutane ne masu suna. Ki riƙa kiran Goggonki, ita ta raine ki, ba ta iya barci in ba ta ji muryarki ba. In kin haɗu da masu nazarin taurari a makarantar, tunda kin ce dabararku da tasu kusan ɗaya ce, ki roƙe su su nuna miki, ki kalla a madadina. In kuma tari ya kama ki ya wuce mako biyu, ki je a ɗauke ki hoto, ki cire sarƙarki.

To, yanzu ki buɗe ambulan ɗin. Ki bari sai da rana, ki ɗaga shi a jikin taga. Ki duba sama ta hagunki, wato damarta. Za ki gane mukullin, shi ne wanda kike buɗe akwatin mahaifiyarki da shi, mai haƙori ɗaya a lanƙwashe. Ki dubi gefensa. Wannan ne kaɗai hotonta da nake da shi, ba ta taɓa yarda an ɗauki fuskarta ba. Sauran na kwalin suna wurin Goggonki, naki ne duk lokacin da kike so, amma ki nemi izinin da ya kamata kafin ki yi aiki da su, don masu su ba a taɓa tambayarsu ba.

Ranar da na'urarku ta ƙware, ki nuna mata wannan. In ta ga abin da ban tsaya na gani ba, ki rubuto mini, zan iya ɗauka. In kuma mukullin ya ruɗe ta, ta ce ba komai, to aikinki bai ƙare ba, ki zauna ki koya mata har sai ta gani.

Ban ce lallai ki yafe mini yau ba. Ki ɗauki lokacin da kike buƙata. Wayata tana aljihun gaba, na ce Alhaji Rasaki ya ƙara mata ƙara don kada hayaniyar kasuwa ta hana ni ji.

Abin da na kasa faɗa a rumfa, ga shi. Allah Ya sanya alheri a tafiyar nan. Na yarda da ita, na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ba ki yi mini komai ba. Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya ba ki ido mai gani da haƙurin tsayawa ki duba. Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, in ina raye in tarbe ki, in kuwa ba na nan ki same ni a addu'a.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sabo
Fagge, Kano